Na hau Pastoruri neman ƙanƙara, na tarar da tsakuwa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da wannan haki nawa, kusan mita 5,000 nake a sama, a dutsen Pastoruri na ƙasar Peru. Ɗan Kano ne a nan fa, da ƙafafunsa ya hawo! Amma raina a ɓace yake. Sol 50, kuɗin ƙasar nan, na ba mai mota daga garin Huaraz don in ga ƙanƙara, ku duba abin da ke gabana: baƙin dutse, tsakuwa da kududdufi. Ƙanƙarar ta ja can baya, fiye da rabinta ya narke.

Ni dai hoto na rasa. Mutanen ƙabilar Kecuwa da ke ƙauyukan gindin duwatsun nan, masu noman dankali da kiwon tumaki, su ne a ciki. Idan rani ya yi, ruwan ƙanƙarar nan ne ke shayar da gonakinsu. Yanzu da ta yaye, duwatsun da ta rufe shekara da shekaru sun haɗu da iska da ruwa, ƙarfen cikinsu yana wankowa. Akwai rafukan da suka koma ja kamar tsatsa, ruwan ya yi tsami, ba na sha ba, ba na ban-ruwa ba. Duk wanda ya ga yadda tafkin Chadi ya guje wa masuntan Baga ba sai an yi masa bayani ba.

Ga kuma tafkin Palcacocha a saman Huaraz, narkewar nan sai cika shi take yi. A 1941 ya taɓa ɓallewa, ya ci mutum aƙalla 1,800. Wani manomi mai gida a Huaraz, Saúl Luciano Lliuya, ya kai kamfanin lantarki na RWE ƙara a Jamus tun 2015, yana cewa hayaƙin kamfanin na cikin abin da ke ɗumama duniya har ƙanƙarar ke narkewa, tafkin na barazana ga gidansa. Sai a 2025 kotu ta kori ƙarar, wai hatsarin da ke kan gidansa bai kai ba. Shekara goma, bawan Allah!

Kai, yau tuwo da miyar kuka kawai nake so, dankali ya ishe ni.

In za ka zo, kada ka sauka Huaraz yau ka hawo gobe, saboda tsayin wurin kanka zai sara kamar ya tsage. Mutanen nan za su ba ka shayin ganyen koka, ganyen da ake yin hodar iblis da shi, amma a nan halal ne a doka. Kada ka kuskura ka sa ganyen a jaka zuwa gida, 'yan NDLEA ba za su saurari labarin ciwon kai ba.