Yarinyar da ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu

Assalamu alaikum. Iyayena mata, malamai, ƙannena ɗalibai, na can baya kuna ji na? To madalla.

A 1977 wani masani a Jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya yi bayanin cewa yardar da mutum ya yi zai iya abu, ita ke sa ya fara, ita ke sa ya jure idan abin ya yi tsauri. Ya ce hanyoyi huɗu ne ke gina ta. Mu bi su.

Ta farko, wadda ya ce ta fi ƙarfi: ki yi da hannunki, ki ga ya yiwu. Malamai, nan nake so ku saurare ni. Yarinya ta san amsar lissafi, ta rubuta ta daidai a littafinta, amma ba ta ɗaga hannu. Malam ya dubi aji, ya kira wanda ya fi zaƙewa. Shi ya fita allo, shi aka tafa wa. Ita kuwa ta koma gida ba ta da shaidar cewa ta iya. Ba ta da shaida! A yi haka shekara shida, ranar JAMB sai ta zauna gaban kwamfuta hannu na rawa. Don Allah ku miƙa mata alli. Ku fara da tambayar da za ta iya, gobe ku ƙara nauyi. In ta yi kuskure, ku bar allin a hannunta har ta gyara da kanta. Kada ku karɓe. Ku bar shi a hannunta, na ce.

Ga wata malama can tana murmushi, ta san ajin da nake nufi.

Ta biyu, yarinya ta ga mace irinta ta yi. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i a nan Bayero ta yi karatu, ta zama ministar ilimi a 2010. Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata. Sai kalmar baki: "ke ba ki da kan lissafi" tana kashe zuciya. Ta ukun... na faɗe ta ke nan? To, sai ta huɗu, rage fargaba, amma lokaci ya ja.

Na'am Hajiya? Baba tana tambaya, in yarinya ta saba magana a gaban aji, ba za ta rasa kunya ba?

Baba, Allah Ya saka da alheri. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Suna tambaya, kuma kunyarsu na nan. Yau in jikarki ta dawo makaranta, ki ce ta koya miki abin da aka yi a aji, ki zauna ki saurara har ta gama. Ko ba ki san darasin ba, ki bar ta ta yi bayanin.