Yadda Ake Matse Shirin Talabijin Har Ya Shiga Wayarka

Labaran ƙarfe goma na dare sun wuce ka, da safe ka buɗe waya ka kalle su daga farko. To, abin da wayar ta jawo maka an sha masa aiki cikin dare. An matse shi, an kwafe shi kala-kala, an kuma yayyanka shi gunduwa-gunduwa.

Mu ɗauki BBC a Birtaniya, wadda ta ƙaddamar da iPlayer, manhajarta ta kallon shirye-shirye ta intanet, ranar Kirsimetin 2007. Ɗanyen hoton HD, wato mai fita tangaran, da ke fitowa daga situdiyo yana cin kusan megabit 1,500 a kowace daƙiƙa. Shirin awa ɗaya ya haura gigabait 600 ke nan. Wace waya ce za ta ɗauki wannan kaya, kuma da kuɗin datan wa?

Sai a miƙa shi ga na'urar matsewa. Ƙa'idar da aka fi dogaro da ita sunanta H.264, tun 2003 take aiki. Ga dabararta. Talabijin ɗin Birtaniya yana nuna hotuna 25 a daƙiƙa. Dubi mai karanta labarai: bangon bayansa bai motsa ba, teburinsa yana nan, leɓɓansa da idanunsa ne kawai ke aiki. Don me za a yi ta maimaita bango? Sai na'urar ta ajiye cikakken hoto guda, a kan hotunan da ke biye da shi kuma ta rubuta abin da ya canza kaɗai. Ta kuma rage bayanan launi, domin idon mutum ya fi kula da haske da duhu. Da an gama, megabit 5 a daƙiƙa ya isa a ga hoto garau.

Wasan ƙwallo ne ke ba na'urar nan wahala. Kyamara tana bin ƙwallo, 'yan kallo suna tsalle, ga ruwan sama. Komai yana canzawa lokaci guda, shi ya sa wani sa'in za ka ga ciyawar fili ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai.

Kuma ba sau ɗaya ake matse shirin ba. Akwai kwafi mai nauyi na babbar talabijin, da matsakaita, da ɗan ƙarami na mai raunin sabis. Kowanne a yanka shi guntu-guntu a daidai wuri ɗaya, a haɗa da jerin da ke faɗa wa waya inda kowane guntu yake. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari mai suna HLS a 2009, wani makamancinsa mai suna DASH ya biyo baya a 2012.

Daga nan zaɓi na wayarka ne. Ta sauko da guntu, ta auna saurin zuwansa. Sabis ya yi sanyi? Guntu na gaba sai ta ɗauko daga ƙaramin kwafi. Hoto ya dushe, amma magana ba ta yanke ba. Haka YouTube ma yake yi maka.

BBC tana amfani da guntu mai daƙiƙa 3.84. Lissafi ne ya kawo wannan baƙon adadi: shi ma sauti a ƙunshi-ƙunshi ake matse shi, kuma a daidai nan hotuna 96 da ƙunshin sauti 180 suke ƙarewa tare, a yanka babu ragowa.