Darasi: Yadda maganaɗisun rana ke tayar da guguwa a duniyarmu

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau kan wata guguwa ce da ba ta tayar da ƙura, ba ta yaye rufin kwano, amma tana iya jefa miliyoyin mutane cikin duhu. Ita ce guguwar maganaɗisu.

Kullum rana tana feso wata iska mai tsananin zafi, cike da ƙwayoyi masu caji, kuma iskar tana jan maganaɗisun rana tana bazawa tsakanin taurari. Wani lokaci, wajen baƙaƙen tabon nan na fuskar rana, layukan maganaɗisu sukan yi ta murɗewa har su tsinke, sai rana ta cillo wani ƙaton curi na wannan iskar. Kilomita miliyan 150 ne tsakaninmu, amma cikin kwana ɗaya zuwa uku ya iso.

To, a nan nake so ku kasa kunne sosai. Girman curin bai isa ya tayar da guguwa ba, sai an duba ina maganaɗisun da ke cikinsa ya dosa. Ita ma duniya tana da nata, shi ne garkuwarmu, kuma a ɓangaren da ke kallon rana layukansa arewa suka nufa. Idan baƙon ma arewa ya nufa, yawanci sai ya goge mu ya wuce, ɓarnar kaɗan ce. Idan kuwa kudu ya nufa, layukan biyu sai su haɗe, garkuwar ta buɗe, ƙarfin ya kwararo ciki. Masani James Dungey ne ya fayyace wannan a 1961. Ƙarfin yakan taru a ɓangaren dare, sannan ya dawo da gudu, lantarki ya yi ta zagaye can sama.

Mu a ƙasa, me muke gani? Rediyon gajeren zango ya dusashe, GPS ya ruɗe, dogayen layukan wuta su ɗauki lantarkin da ba nasu ba har taransifoma ta yi zafi. Haka ta faru a Quebec ta Kanada ranar 13 ga Maris, 1989: mutum kusan miliyan shida suka yi awa tara babu wuta.

Abin da ke wahalar da masu hasashe shi ne, ba a tabbatar da kudu ne ko arewa sai curin ya iso wajen taurarin ɗan'adam da aka girke kilomita miliyan 1.5 daga nan. Daga lokacin, abin da ya rage wa kamfanonin wuta su kimtsa bai cika wuce awa ɗaya ba.