Ɗigo, Baka da Caji: Laccar Sinadarai ga 'Yan Aji Shida a Wani Ƙauyen Ringim

Salamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, abu uku zan faɗa kafin a kira la'asar.

Na farko, ɗigon nan da ake yi kewaye da alamar sinadari ba ado ba ne, kowane ɗigo na wakiltar ilektron ɗaya, wato ƙananan ƙwayoyin da ke zagaye tsakiyar ƙwayar zarra. Wani Ba'amurke, Gilbert Lewis, ya fito da shi a 1916, kuma ilektron ɗin zagayen waje kaɗai ake ɗigawa. Sodiyam na da ilektron 11, jerinsu daga zagayen ciki zuwa na waje 2, 8, 1. Ka rubuta Na, ɗigo ɗaya. Kulorin na da 17, wato 2, 8, 7. Ka rubuta Cl, ɗigo bakwai, saura ɗaya zagayensa na waje ya cika takwas.

To, a nan nake so ku buɗe kunne. A gishiri, wato haɗin sodiyam da kulorin, ba kwano ɗaya ake ci ba, sodiyam miƙa wa kulorin lomarsa, ilektron ɗinsa na waje, ya yi ɗungum. Ɗungum! Saboda haka kada in ga an ja layi tsakanin Na da Cl. Layi na masu tarayya a ilektron ne, irin ruwa. Nan baka mai kusurwa [ ] za ka yi, ka sa Na ciki ba ɗigo ko ɗaya, ka rubuta cajinsa + a waje, sama, ta dama. Wata bakar kuma Cl da ɗigo takwas, − a waje. Ilektron ɗin da kulorin ya karɓo ka yi masa × don mai duba takardar WAEC ya ga inda ya fito. Kai mai hamma, a waje na ce, ba a ciki ba. (dariya) Wallahi yaro ya ƙirga ɗigonsa daidai, ya manta caji, maki ya tafi a banza. Baka da caji. Ku maimaita.

Na huɗu... na nawa muke? Oho. Magnesiyam 2, 8, 2 ne, biyu zai bayar, kulorin ɗaya yake karɓa, sai a kawo kulorin biyu: MgCl₂. Kalsiyam ma haka.

Na'am, 'yata?

"Malam, in gishiri na da caji, me ya sa ba ya jan mutum a miya?"

Madalla! Duk + ɗaya akwai − ɗaya, sun soke juna. Busasshen gishiri ma ba ya ɗaukar wutar lantarki, don masu cajin a kulle suke, sai zafi ya kai digiri 801 na Celsius yake narkewa. Amma jiƙa shi a ruwa, sun saku, wuta ta samu hanya. Gobe wani ya zo da batir, waya da ƙwan tocila. Gishirin kuwa a roƙa wajen Inna, ban ce a sata ba.