Laftof Mai Zafi Tana Ɗaukewa: Inda Ake Kuskure Wajen Shafa Tamal Fes

Kana tsakiyar aiki, fanka ta tashi da gurnani, ƙasan laftof ya yi zafin da cinya ba ta ɗauka, sai ɗif, ta ɗauke. Ka kunna, bayan minti goma ta sake. Daga nan yawanci sai a ce bairos ne, a goge Windows a sake lodawa. Wahalar banza. Kafin ka goge komai, sauke manhajar HWiNFO mai nuna zafi, ka duba zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In tana kan digiri 70 ba ka buɗe komai ba, da ka ɗora mata aiki kuma ta haura 95, to zafi ne. Furosesa da yawa iyakarsu wajen digiri 100 ce. Suna kusantarta su rage gudu, in abin ya ƙi su kashe kansu kafin su ƙone.

Buɗewa ba wuya. Kashe ta, zare caja, kwance sukurori, ɗaga murfin ƙasa. Abu na farko, cire igiyar batir daga jikin bod, wato babban allon lantarkin ciki, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15. Dubi tsakanin fanka da waɗannan siraran haƙoran ƙarfe: wannan bargon ƙurar shi ya toshe iska. Ciro shi. In za ka hura iska, dafe fankar da yatsa, kada ta yi ta juyi babu birki.

To, ga wurin da ake ta cece-kuce.

Wannan man mai ruwan toka da ke tsakanin furosesa da farantin tagulla shi ne tamal fes. Ba shi ke sanyaya komai ba. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, don kada iska ta maƙale a tsakani, saboda iska ba ta isar da zafi. Kwance farantin ka ɗaga shi, ka goge tsohon man tas da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, har fuskar ta yi sheƙi kamar madubi.

Bidiyoyi da yawa suna cewa ɗigo ɗaya a tsakiya, ka danne, shi ke nan. Gaskiyarsu, amma ta kwamfutar tebur suke faɗa. Furosesar tebur tana da murfin ƙarfe a kai wanda ke baza zafi, ko man bai kai kusurwa ba babu damuwa sosai. Ta laftof tsirara take. Wannan ɗan abu mai walƙiya da kake gani shi ne ainihin silikon ɗin, sau da yawa mai tsawo ne, ba murabba'i ba. Ɗigo in an danne shi zagaye yake bazuwa, sai bakin nan da bakin can su zauna a bushe. Ƙari a kan haka, sukurorin laftof ba su da ƙarfin matsi irin na tebur.

Don haka shafa za ka yi. Ja ɗan siririn layi a tsawon silikon ɗin, ka baza da gefen katin roba daga baki zuwa baki, siriri dai yadda ba ka hango sheƙin ƙasa. In ɗan kaɗan ya tsiyayo gefe ba laifi, muddin man ba mai ɗaukar lantarki ba ne. A nan rowa ta fi ɓarna illa. In akwai silikon biyu ƙarƙashin farantin, kowanne da rabonsa.

Masu matso man goge haƙori a madadin tamal fes kuwa, Allah ya shirya. Ranar farko zafin zai sauka, ka yi ta murna. Kwana kaɗan ruwan ciki ya ƙafe, ya zama alli. Ruwan ƙarfe ma, wanda wasu ke sawa a madadin fes, a ganina ba na sabon hannu ba ne: yana ɗaukar lantarki, kuma galiyom ɗin ciki yana cinye alminiyom.

Waɗannan ƙananan filo-filon masu laushi a gefe, bar su inda suke. In ɗaya ya yage, nemi mai kauri daidai da shi, ko rabin milimita ne ko milimita 1. Ka sa wanda ya fi kauri, zai ɗaga farantin daga kan furosesa, duk aikinka ya tashi a tutar babu.

Sauke farantin a miƙe, sau ɗaya. Ka ɗaga don leƙawa, iska ta shiga, sai ka goge ka faro. Ga lambobi a jikin ƙarfen kusa da sukurorin, 1, 2, 3, 4. Bi su, rabin juyi kowanne, ka zagayo har su tsaya. Kada ka manta igiyar fanka, ita aka fi barowa.

Kunna, ɗora mata aiki na minti 10, ka duba zafin kowane kwa (core, wato kowane sashe na furosesar) a HWiNFO. In ɗaya ya zarce sauran da digiri 15 ko 20, akwai gefen da man bai kai ba, ko farantin ya zauna a karkace. Sake buɗewa.