A Ina Mai Fatsa Zai Tsaya a Bakin Tekun Legas?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Tun da aka kafa ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin teku a 2023, da wuya a yi taro a kan kifi a tashi ba a ce Nijeriya za ta rage shigo da kifin ƙanƙara daga waje ba. Magana ce mai daɗin ji, musamman ga magidancin Kano ko Sakkwato da ya ga kuɗin kifin nan yana bin dala duk inda ta nufa. Amma akwai tambayar da masu jawabi ke tsallakewa: mutumin da zai kamo kifin, a ina zai tsaya? Ƙasar nan tana da gaɓar teku ta kusan kilomita 850, kuma tun 1992 doka ta hana manyan jiragen su masu jan taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa, a ma'aunin mil na teku, wato fiye da kilomita 9, don a bar wa ƙananan masunta. An ba su ruwa a takarda. A ƙasa kuwa, musamman a Legas, kwata bayan kwata ana zagaye ta da shinge, a sa mai gadi, a ce da mai fatsa ya kama gabansa.

Abin da ake yawan faɗa masa shi ne: ga rairayi can shimfiɗe, je ka yi kamunka. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗaura ƙugiya ba. Bari mu auna kayan aikin wuraren biyu, mai sauraro ya yi hukunci da kansa.

A kan kwata, ruwa mai zurfi yana ƙarƙashin ƙafarka. Abin da kake bukata zaren roba ne mai kaurin milimita 0.60 zuwa 0.80, tsawon mita 50 ko 100, a naɗe a jikin guntun katako. A ƙarshensa ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa, sannan reshe biyu gajeru, kowanne kamar taƙi ɗaya, tsakaninsu kamu guda don kada su sarƙe. Ƙugiya mai lamba 1/0 zuwa 3/0 ta isa. Can ƙasa kuma darma mai nauyin giram 60 zuwa 100. Wanda ba shi da darma, tsohon fulogin mota ko noti yana yi masa aiki. Ka soka jatan lande ko yankan ƙaramin kifi, ka saki zare ya sauka har darma ta taɓa ƙasa, ka ɗan ɗaga, ka ɗora zaren a kan yatsa kana jira. Kayan nan duka za su shiga aljihun riga.

Kifin kuma yana nan ne saboda kwatar kanta. Ginshiƙanta suna tara kawa da gansakuka da ƙananan ƙaguwa, ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. Inuwar kwata mafaka ce, kuma ginshiƙi yana karya ƙarfin ruwa, sai kifi ya laɓe a bayansa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa.

To koma rairayi. Tekun Legas ba tafki ba ce. Igiyar ruwa tana fashewa da ƙarfi a bakin gaɓa, kuma sai ka jefa abincin fatsarka bayan inda take fashewa kafin ka sa rai da kifin kirki. Wannan yana bukatar sanda mai tsawon mita 3.6 zuwa 4.2, da ƙwarƙwaron naɗe zare da zai ɗauki mita 250 ko fiye na siririn zare mai kaurin 0.35 ko 0.40, da darma mai giram 120 zuwa 170, mai kusurwoyi ko mai ƙafafun waya da za ta kafe a yashi. Dole kuma a ƙulla zare mai kauri, kamar 0.70 ko 0.80, tsawon mita 8 zuwa 10, a gaban siririn, domin shi zai ɗauki fizgar jifa. Wanda ya bar wannan, zarensa zai tsinke a tsakiyar jifa, darma ta tashi kamar harsashi, kuma duk wanda ta samu a ka sai dai a yi ta addu'a. Bayan duk wannan, ruwan gaɓar Legas yana ja daga yamma zuwa gabas, don haka darmar da ba ta kafe ba za ta gangara, cikin mintoci kaɗan ka ga zarenka ya dawo gefe ya kwaso ledoji. Sanda da ƙwarƙwaro daga waje ake shigo da su, da dala. Ke nan wanda ya ce da talaka ya koma rairayi, ce masa ya yi ya bar sana'ar. Wurin tsayawa rabin kayan aiki ne, wanda ya hana ka shi ya ƙwace maka ƙugiya.

Kuma wane rairayin ma? Bar Beach, inda duk mai ƙafa yake zuwa a da ba tare da neman izinin kowa ba, yau unguwar Eko Atlantic ce aka cike aka gina a wurin. Yawancin abin da ya rage ta wajen Lekki sai ka biya kuɗin shiga.

Hujjar da aka fi dogara da ita tsaro ce. Ana ambaton ƙa'idar tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu ta duniya, ISPS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2004 bayan harin 11 ga Satumba a Amurka. Babu mai hankalin da ke cewa a bar mutum ya zauna da fatsa a gindin jirgin dakon mai a Atlas Cove, ko tsakanin kwantenoni a Apapa da Tin Can. Ƙa'idar ta shafi wuraren da ke karɓar jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, kuma abin da ta nema shi ne a tantance haɗari, a ware wuraren da ba a shiga. Ba ta ce a rufe kowane dutse da kowane katako da ke bakin ruwa ba. Sunanta kawai ake fakewa da shi, domin rufe ƙofa ya fi tsara shiga sauƙi.

Mun kuma ga inda wannan tunani yake kaiwa. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay da ke bakin tekun Legas, dubban mutane, bisa dalilin fasa bututun mai. Masu fasa bututu suna nan, ba wanda ya musa. Amma a kama su mana! Wace shari'a ce ta ce idan ɓarawo ya ratsa unguwa a kwashe unguwar? Kafin nan, tsakanin 2016 da 2017, an rushe Otodo Gbame, ƙauyen masunta da ke gefen Lekki, kuma ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 30,000 suka rasa matsuguni a can da Ilubirin. A Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta ce tashin mutane irin wannan, ba tare da an sama musu wani wuri ba, ya saɓa wa tsarin mulki. Masunci ba ɗan haya ba ne da za ka ce ya nemi ɗaki a wata unguwa. Duk ɗan Yawuri ko Argungu ya san wannan: ka raba Basarke da kwata, ka raba shi da abinci.

Wani lokaci ana nuna kamar an yi sassauci, a ce to an buɗe ƙofa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Wannan ma rashin sanin teku ne. Teku tana cikowa sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa sa'a 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Kifi ya fi ci idan ruwa yana motsi, galibi sa'o'i biyun da ke gaban cikar ruwa da waɗanda ke bayanta, da kuma asuba da almuru. Idan ruwa ya tsaya cak, sai ka yi ta zama ƙugiya na jiƙa a banza. Ranar da ruwa ya cika da ƙarfe 6 na safe, wanda aka buɗe wa ƙofa da ƙarfe 8 ya riga ya makara. Wata ma yana da nasa hukuncin: a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, jan ruwa ya fi ƙarfi, darmar giram 60 da ta yi maka aiki makon jiya ba za ta taɓa ƙasa ba, sai ka ninka ta. Da wata da ruwa masunci yake lissafi. Agogon ofis bai san da wannan ba.

Akwai ƙorafin masu jiragen ruwa, kuma a nan suna da gaskiya, dole a faɗa. Zaren robar da aka yanke aka watsar ba ya ruɓewa. Yana naɗewa a sandar farfela, zafi ya narkar da shi, ya ci robar da ke tare man giya, ruwan gishiri ya shiga, injin da aka saya da kuɗi masu yawa ya lalace. Akwai masu jifa ta saman igiyar da aka ɗaure jirgi, akwai masu barin hanjin kifi a kan dakali har wani ya zame. Masu fatsa su ji wannan da kyau, domin da hannunsu suke miƙa wa mai gadi hujja. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani mai araha. A kafa guntun bututu mai murfi a jikin ginshiƙi don zuba tsohon zare. A ja layi da fenti: nan wurin ɗaure jirgi, nan wurin fatsa. Jirgi zai shigo ko zai fita, a busa usur, kowa ya naɗe zarensa. A yi rajistar masu kamun ta hannun ƙungiyarsu, a ba su kati mai hoto, wanda ya karya doka a karɓe nasa shi kaɗai. Mutumin da ke zaune a kwata tun asuba, wanda aka san sunansa da fuskarsa, shi ne zai fara ganin baƙon kwale-kwale da jarkoki. Korarsa rage ido ne a bakin ruwa.

Ba sabon abu ake nema ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda zai yi fatsa a teku sai ya yanki lasisi, amma idan a kan kwatar jama'a ya tsaya, ba a neman lasisi a hannunsa. Sun gane cewa kwata ita ce jirgin wanda ba shi da jirgi.

Idan an rufe kwata, mutane ba sa komawa gida su kwanta. Duwatsu suke hawa, irin dogayen ganuwoyin dutsen nan da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa a mashigin tashar Legas. Can kifi yana da kyau, akwai kuroka, akwai barakuda mai haƙora irin na tsage, wanda sai an sa masa waya mai tsawon santimita 30 a gaban ƙugiya, in ba haka ba ya datse zare kamar da almakashi. Amma wurin yana cin kaya, yana kuma cin rai. Darma tana maƙalewa a tsakanin duwatsu, shi ya sa masu wayo suke ɗaura ta da siririn zare, 0.25 ko 0.30, don idan ta maƙale ita kaɗai za ta tafi, ƙugiya da kifi su tsira. Ɓawon kawa yana kankare zare, sai an riƙa bin mita biyun ƙarshe da yatsa, inda aka ji kaushi a yanke a sake ƙulli, a jiƙa ƙullin da yawu kafin a ja shi don kada zafin gogayya ya raunana shi. Dutsen da ya yi kore santsi ne da shi kamar sabulu. Igiyar ruwa kuma ba daidai take zuwa ba, za ka ga ƙanana sun yi ta wucewa, sai babba guda ta hau inda ka ɗauka busasshe ne. Mutum ya faɗa a nan, babu tsani, babu igiya, babu mai ganinsa. Wannan shi ne tsaron da aka samar? An ɗauke shi daga dakali mai shinge an tura shi inda ruwa zai ɗauke shi.

Sannan kifin da aka kama sai ya isa kasuwa da kyansa. A zafin Legas, kifin da bai ga ƙanƙara ba yana soma juyawa cikin sa'o'i kaɗan. Ƙa'idar ita ce kilo guda na ƙanƙara ga kilo guda na kifi, a cire hanji da matsefin kunne, wato abin da kifi yake numfashi da shi, a jera shimfiɗar ƙanƙara shimfiɗar kifi, a bar ƙofar da ruwan narkewa zai tsiyaye. Wa zai ɗauki kilo 20 na ƙanƙara a ka ya bi kan duwatsu masu santsi? A kwata kuwa mai ƙanƙara yana iya kawo ta da baro, mai saye ta tsaya da bahonta, kifi ya tashi daga ruwa ya shiga sanyi nan take. Haka ma mai kwale-kwale: wanda ke da lafiyayyen wurin sauka yana fita ko da teku ta ɗan yi fushi, wanda sai ya keta igiyar ruwa a rairayi yana iya kifewa da injinsa da kamun yini a taku ashirin na ƙarshe.

Saboda haka abin da ya kamata hukumar tashoshin ruwa ta ƙasa, da hukumomin hanyoyin ruwa na tarayya da na jihar Legas, su zauna su yi a bayyane yake. A lissafa kwatocin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, a fitar da waɗanda suka shafi mai da kwantena a ce ba a shiga, kowa zai yarda. Sauran a ware musu ɓangaren masu fatsa, ko da mita 30 ne, a buɗe shi bisa jadawalin cikar ruwa, wanda ake iya lissafawa tun shekara ba ta kama ba. Duk wanda aka ba izinin cike ruwa ya yi gini, a sa masa sharaɗin barin hanyar da jama'a za su isa gaɓa, a rubuce cikin takardar izinin. A kowane ɓangare a sa tsani mai sauka har cikin ruwa, da tayar ceto mai igiya, da famfon ruwan daɗi, domin ƙugiyar da ta sha gishiri ba a ɗauraye ta ba, kwana biyu ta yi tsatsa. A rataye kuma koma mai zagayen ƙarfe da doguwar igiya, saboda kifin da ya haura kilo 3, idan aka ce za a ɗago shi da zare daga kwata mai tsayi, leɓensa ne zai yage ya koma ruwa.