Ƙuma a jikin ɗan mussa: laccar wani likitan dabbobi a Maradi

Jama'a, assalamu alaikum. Na ga wasu na murmushi, wai likita ya bar shanu da awakin Maradi ya dawo kan mussa. To, ita ke gadin buhun hatsinku, ku bar ni in faɗi.

Ɗan mussa, ranar da aka haife shi, nauyinsa bai wuce kamar giram 100 ba. Jinin nawa ne a ciki? Ƙuma in ta taru sai ta tsotse shi. Ku ɗaga leɓensa ku dubi dasashi. In ja-ja ne, alhamdulillahi. In ya yi fari fat, yana kwance ba ya neman nono, ba aikin gida ba ne, a kawo shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Amma abin da ya fi kashe mini su shi ne magani. Wata baiwar Allah ta kawo mini guda uku cikin kwali, ta barbaɗa musu garin maganin ƙwari na kasuwa. Suna karkarwa, yawu na dalala. Ɗaya kawai ya tashi. Garin neman gira an rasa ido. Akwai sinadarin da ake kira fametirin, yana cikin maganin karnuka da yawa da na ƙwari. Kare yana jure shi, hantar mussa kuwa ba ta iya narkar da shi. Piya-piya, kananzir, maganin kaskar shanu, duk kar su kusance shi. Ko wanda aka yi don mussa, irin na ɗigawa a ƙeya, yawancinsu sai ta kai sati 8.

To me za a yi, Hajiya? Matsefi mai ƙananan haƙora, irin na kwarkwata, da kwano da ruwan sabulu a gefe. Ki taje wuya, ƙarƙashin haɓa, gindin wutsiya. Duk wadda ta fito ki tsoma ta a ruwan, in kin jefar ƙasa tsalle za ta yi ta komo. Baƙin garin nan da ke zubowa, sa shi bisa jiƙaƙƙen farin ƙyalle, za ki ga ya yi ja. Kashin ƙuma ne, jinin ɗan mussarki ne.

In sun yi yawa, a yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki gwada da gwiwar hannu kamar na jinjiri. Fara zagaye wuya da kumfa don kar su gudu kai, ruwa kuma kar ya shiga hanci ko kunne. Ki yi sauri, ki tsane shi sarai, ki maida wa uwar. Kafin sati 4 ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, balle yanzu da hunturu ya kama. Da rana tsaka za a yi.

Wadda kuke gani a jiki kaɗan ce. Ƙwai da tsutsa suna cikin tsumma da ƙurar lungu, mace guda tana iya zuba ƙwai har 50 a yini. A wanke tsumman da tafasasshen ruwa, a shanya a rana, a share lungun. Uwar kuma ku kawo ta, mu zaɓa mata maganin da ya dace da mai shayarwa.

Malam, can baya, na ga hannunka.